Wa Ya Fitar da Anaruwa Daga Kogi?

Abin da na fara gani da na dawo Mashigin Ɗorawa shi ne gada. An shimfiɗa ta a kan kogin namu, doguwa, fara fat, babura na wucewa a kanta kamar babu ruwa a ƙasa. Tsamiyar ƙofar majami'a an sare ta. Majami'ar ma an rushe ta ƙasa an yi ta bulo, da kwano mai ƙyalli da ke kashe ido da hantsi. Tsohon ƙarfen tayar mota da ake bugawa a kira mutane sujada yana jingine a bayan gini, ciyawa ta fito ta ramukansa, lasifika ce ke kira yanzu. Gidan da ake dafa burkutu ya zama shagon cajin waya. Ƙanwata Lidiya, wadda na bari tana tallar dafaffiyar gyaɗa, ta fito da goyo a baya da wani a hannu, babban ya ɓuya a bayan zanenta yana cewa an yi baƙo. Kare ya bi ni da haushi har tsakar gida, ashe ba wanda na sani ba ne, jikansa ne. Ɗakina cike da buhunan masara. Gicciyen katakon da muka kafa a kabarin Baba gara ta cinye, an sa na ƙarfe. Inna kuwa ta rage tsawo. Da na miƙe daga gaisuwa sai na ga kanta bai wuce kafaɗata ba.

Ƙafata ce kawai ba ta canja ba. Shekarun nan a bayan manyan motoci na yi su, yau Fatakwal, gobe Kwatano, wani watan Agadas, ina kwana a kan buhunan albasa a garuruwan da ban san sunansu ba. Ban daɗe a gida ba ta fara yi mini ƙaiƙayi. Sai ga waya daga maigidana direba: an samu lodi, ranar Asabar da tsakar rana mota za ta tashi daga cikin gari, in ina so in zo, in ba na so akwai masu so da yawa. Ranar Lahadi kuma za a yi baftisma a kogi. Sa'o'ina duka an yi musu tuntuni. Ni na gudu ana dab da yin tamu, kuma wannan ne Inna ta riƙe a zuciya duk tsawon shekarun, fiye da rashin aike, fiye da rashin kira. Malam Filibus, mai bisharar da aka turo mana, ya ce tunda na gama ajin baftisma tun wancan lokacin, dattawa sun yarda a sa ni cikin na bana, in dai na ce ina so.

Ranar Alhamis, da rana ta ɗan karya, muna tsigar gyaɗa a gindin mangwaron gidanmu. Iska ta kwanta, kurciyoyi na kuka can nesa, ƙanshin ɗanyar ƙasa na tashi daga saiwoyin, kowa hannu na aiki ido na lumshewa. Akwai Kawu Zakka, ƙanen Inna, da Goggo Tabita shugabar zumuntar mata ta majami'a, da Malam Filibus. Baba Nomau, wanda ya girmi kowa a ƙauyen, yana jingine da kututture ido rufe, mun ɗauka barci yake.

Inna ba ta ko ɗago ba ta ce, "Habila, Lahadi ce fa."

Na ce, "Inna, in Allah na so na, ai ya san lambar motarmu. Ranar da ya ga dama zai tsayar da ni."

"Ji ɗan nema!" in ji Kawu Zakka. "Allah ɗan sanda ne da zai tare ka a hanya? Ƙafa ya ba ka. Da ita ka je Fatakwal, da ita za ka gangara kogi. Ba a jan mutum zuwa ceto da igiya."

Malam Filibus ya yi murmushi. "Baba Zakka, a hankali. Ceto alheri ne, kyauta ce daga farko har ƙarshe. Mu matattu ne cikin zunubi, matacce kuwa ba ya gangarawa ko'ina. Ko son da mutum zai ji yana yi wa Yesu, Allah ne ya zuba masa shi."

"To in haka ne, Malam, me kake yi a kasuwa kana shan rana kana wa'azi? Ka zauna gida mana ka sha kununka, Allah ya kwaso su da kansa."

Goggo Tabita ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga cinyarta. "Zakka, kai da aka yi ta fama da kai kafin ka bar burkutu, yau kai ne mai ƙafa?"

"Da ƙafata na bari!"

"Da ciwon ciki dai."

Sai Baba Nomau ya yi gyaran murya, bai buɗe ido ba. "Ga wata nan tafe, ku matsa mata ta zauna."

"Baba, tatsuniya da rana tsaka?" in ji Goggo.

"Ba tatsuniya ba ce, shari'a ce. An bar mini ita ba a yanke ba, ni ma zan bar muku."

Ga yadda ya ba da ita.

A zamanin da kogin nan ba shi da gada, in damina ta yi nisa ba a haye shi sai da gora. Ba goran ruwan sha ba, wani ƙaton gora ne da mutum ba ya iya zagaye shi da hannu biyu, a toshe bakinsa ya yi ta yawo a kan ruwa. Mai fito, wato mai haye da mutane, sai ya kwantar da ƙirjinsa a gefe ɗaya, wanda za a haye da shi ya kwantar da nasa a ɗaya gefen, su miƙa hannu ta saman goran, kowa ya kama damtsen ɗan'uwansa. Mai fito ne kaɗai ke buga ƙafa. Wanda aka ɗauka, nasa ya riƙe, ya saki ƙafafunsa su yi ta lilo a cikin ruwa kamar ba nasa ba. In ya ce zai taya bugu, gora ya juya, su biyun su sha ruwa. Haka kuma ba a ɗora mutum a kan gora da ƙarfi, don mai kokawa shi ma juya shi yake yi.

Sarkin fito na lokacin sunansa Arzika. Ya tsufa, idanunsa sun tafi, matarsa ta rasu tuntuni. Yana da gora ɗaya na gado, wanda hannuwa suka shafe har ya yi baƙi yana sheƙi. An ce in ka kara kunne a jikinsa za ka ji muryoyin duk waɗanda ya taɓa haye da su suna magana ƙasa-ƙasa. Tsohon ya ce ba zai bar shi ga ɗa don girma ko don ƙauna ba. Wanda ya fara ƙwato ran da kogi ya riga ya kama, shi ne mai gora, shi ne sarkin fito bayansa.

'Ya'yansa uku ne. Barmo ne babba, mai faɗin ƙirji, mai ƙarancin magana, yana iya wuni yana fito bai ce komai ba sai "riƙe". Cindo ne na tsakiya. Ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana yaro, bai taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwa ba, amma Allah ya ba shi ido da murya. Aikinsa ya hau dutsen bakin mashigi ya zauna yana duban gaɓa biyu, in matafiyi ya tsaya a ƙetare ya kira 'yan'uwansa, muryarsa na tafiya a kan ruwa kamar tana da ƙafa. Autansu Anaruwa, wanda aka haifa ana tsuga ruwan sama. Babu wanda ya kai shi iyo a duk yankin. Sai dai ba shi da zama. Da yamma yakan tsaya yana duban ƙetare kamar ya manta wani abu a can. Yana yawan mafarkin wani gari mai fararen katangu a bayan kogin, lungunansa yashi ne mai laushi, kowace ƙofa a buɗe. Ya haye sau da yawa yana tura gora bai ga garin ba, sai ya ce don kullum da mutum a hannunsa ne, dole ya juyo.

Wata rana Barmo ya yi masa faɗa a kan wannan. Anaruwa ya ce masa a gaban mutane, "Kai jakin kogi ne, je ka dawo, je ka dawo. Ni in na tafi na tafi. Ko ka ga ina nutsewa kada ka zo, ba na son hannunka."

Sai aka shiga marka, ruwa kwana da kwanaki. Kogi ya yi ja, ya cika ya haura gonaki, yana tafe da jinkar ɗakuna da gawar awaki da itatuwa har da saiwarsu. Aka daina fito. Da safiyar da ruwan ya ɗauke, wani farin hazo na damina ya kwanta a kan kogin kamar an baza auduga. Anaruwa ya fito ya ga kamar katangun garin nasa ne ke leƙowa ta ciki. Bai ɗauki gora ba, don ɗaukar gora sai an roƙi tsoho. Ya tuɓe riga ya faɗa.

Ya kai tsakiya da ƙarfinsa. A nan kogi ya karɓe shi, ya juya shi, ya maka shi a kan wata bishiyar giyayya da ke tsibirin da ruwa ya shanye, kanta kawai ya rage a waje. Ya kama reshe da hannu biyu. Sanyi ya shiga ƙashinsa. Can sai sanyin ya daina, wani ɗumi ya sauko masa, abin da masu fito ke kira barcin ruwa, wanda in ya ɗauki mutum ba ya mayar da shi. Sai ya ga ashe ya iso. Ga fararen katangun, ga yashin a ƙarƙashin ƙafarsa. Reshen da ya riƙe ya zama madogarar ƙofar wani gida, a ciki wani na hura wuta, ƙanshin daddawa na fitowa, mutane na wucewa a hankali suna yi masa sannu da zuwa da murya irin ta ruwa. Bai yi ihu ba. Bai nemi kowa ba. Murmushi yake yi, ruwa kuwa ya kai masa ƙirji yana neman wuya.

Ga abin da Cindo ya yi. Ya ga tabarmar ƙanensa babu kowa, ya ga riga a bakin ruwa, ya ja ƙafarsa ya hau dutse. Babu abin da ake gani sai fari. Ya kafa ido har hawaye suka zubo, sai ya lura da balbelu suna kewaya kan wata bishiya sun ƙi sauka. Ya san da mutum a wurin. Ya ƙwala wa Barmo kira ya nuna masa. Sa'an nan ya juya ga kogi ya kira sunan Anaruwa, shiru. Ya yi kiran masu fito, shiru. Ya zage shi, ya roƙe shi, shiru. Sai ya sirantar da muryarsa ya yi irin kiran da uwarsu ke yi da magariba tun suna yara: "Anaruwa! Tuwo na hucewa fa!" A cikin garin mafarki Anaruwa ya ji muryar, amma ba daga cikin gidan take fitowa ba, daga bayansa ne. Ya waiwaya. Katangun suka narke kamar gishiri, sai jan ruwa ko'ina. Cindo bai daina ba. Ya yi ta kira don kada wanda ya farka ya koma, don kuma wanda ya shiga hazo ya san inda gaɓa take, har wani abu ya tsinke a maƙogwaronsa. Daga ranar bai ƙara magana ba sai da raɗa.

Ga abin da Barmo ya yi. Ba wanda ya aike shi. Matarsa ta riƙe masa riga, dattawa suka ce ruwan nan ba na shiga ba ne, kada a yi makoki biyu a gida ɗaya. Wani ya tuna masa, "Ai ya ce kada ka zo." Barmo ya shiga ɗakin tsoho, ya tarar tsohon ya riga ya sauko da goran ya ɗora a cinya. Barmo ya karɓa. Ya bi gaɓa ya yi sama nesa, ya shiga, ya bar ruwa ya gangaro da shi yana bin murya. Wani gungume ya doke shi a haƙarƙari, ya ji ƙashi ya yi ƙara, bai saki ba. Ya isa giyayyar. Da ƙarfi ne, da ya fizge ƙanen nasa daga reshen kamar ɗanyen mangwaro. Amma ba a ɗora mutum da ƙarfi. Sai ya tsaya kusa da shi yana buga ƙafa, yana fama da ruwan da ke son tafiya da shi, ya shimfiɗa hannuwansa a kan goran a buɗe, ya ce, "Ga ni." Ya yi ta jira, jini na fita daga gefensa yana bin ruwa.

Ga abin da Anaruwa ya yi. Ya farka, kuma farkawar ta fi barcin ciwo, don ya ga inda yake. A duk duniya babu abu mai ƙarfi sai reshen nan, tsakanin reshe da hannun wansa kuma akwai tazarar da ba a cike ta da hannu ɗaya, sai an saki duka biyun. Yatsunsa sun ƙage kamar a jikin itacen suka tsiro. Ga kunya, don hannun da ya ce ba ya so ne aka shimfiɗa masa. Ga garin ma bai yi nisa ba, in ya lumshe ido yana jin ƙanshin daddawar. Ya saki. Ya nutse, ya taso, hannu ya kama hannu. Nan ne kuma ya yi kuskuren da ɗan sarkin fito kaɗai zai yi. Tun tasowarsa shi ke ɗaukar mutane, ba a taɓa ɗaukarsa ba, sai ƙafafunsa suka fara bugu da kansu. Gora ya karkata, ruwa ya rufe su, suka taso suna tari. Barmo ya ce, "Riƙe ni, kada ka taya ni." Anaruwa, wanda ya fi kowa iyo, ya tsayar da ƙafafunsa. Ya ce daga baya wannan ya fi sakin reshen wuya. Ya bar su suna lilo, ya kwanta a kan goran kamar damin dawa, aka tafi da shi ta cikin farin nan, babu sama babu ƙasa, sai numfashin wansa a fuskarsa da wata dusasshiyar murya da ke matsowa.

Da suka taɓa gaɓa sai da mutane suka ɓamɓare hannuwansu. Aka ga shatin yatsun Barmo a damtsen Anaruwa, aka ga shatin yatsun Anaruwa a damtsen Barmo, ba a san wanda ya fi zurfi ba. Mutane sun sha tambayar Anaruwa, "Kai ka saki reshen, ko hannun ne ya gaji?" Wata rana ya ce ya tuna sarai ya ce wa yatsunsa su buɗe. Wata rana ya ce kamar sun riga sun fara buɗewa tun lokacin da ya ji muryar.

Da aka warke, gari ya taru a ƙofar tsoho Arzika, don an ƙwato rai daga kogi, gora kuwa ɗaya ne.

Wasu suka ce na Barmo ne. Anaruwa bai kira shi ba, ya ma hana shi. Shi ya shiga, shi ya karye, shi ya buga kowace ƙafa daga bishiya har gaɓa. Da bai je ba, da Cindo ya tashi mutum ne kawai ya ga mutuwarsa ido buɗe, da sakin reshe kuwa sunansa nutsewa.

Wasu suka ce na Cindo ne. Barmo da ƙarfinsa duka da a cikin hazo zai ɓata. Ko ya isa, mai barci zai tarar yana murmushi, ba a kuwa ɗora shi da ƙarfi. Muryar ce ta nuna hanya, ita ta rushe garin, ita ta sanar da yatsun cewa akwai abin da ya fi reshe.

Wasu suka ce na Anaruwa ne, ko da yake shi ya jefa kansa. An sha kiran mutane su ji su ƙi waiwayawa. An sha shimfiɗa wa mutane hannu su mutu da reshe a damƙe. Murya ba ta da yatsu, Barmo kuma bai buɗe masa ko ɗaya ba. Abu biyu aka bar masa, ya saki, ya kuma daina bugu. Da bai yi ba da gawa biyu aka tsamo, don haka rai biyu ya fitar, nasa da na wansa.

Tsoho Arzika ya ɗora goran a cinya, ya kara kunne a jikinsa, ya daɗe yana saurare. Aka jira, aka jira.

A nan Baba Nomau ya buɗe ido ya dube mu. "Ni dai nan aka bar mini ita. Gora na hannunku, ku ba mai shi."

"Barmo," in ji Malam Filibus tun kafin tsohon ya rufe baki. "Haka Almasihu ya yi mana. Muna zaginsa ya shigo ruwa. Wanda aka ɗauko kamar damin dawa zai zo ya ce a ba shi sarauta? Da me zai yi fahariya, da lilon ƙafa?"

"Malam, ka ji labarin ko gyangyaɗi ka yi?" in ji Kawu Zakka. "Mutum na can jini na zuba, me yake jira? Jira yake a ce masa to! In da duk aikin nasa ne, ya fizge shi mana."

"Ba don ba zai iya ba ne, Baba Zakka..."

"Oho dai. Ya jira ko bai jira ba?"

Goggo Tabita ta ce, "Ku maza kullum idonku na kan mai ƙirji. Wanda ya rasa muryarsa fa? Ni da Ruhu Mai Tsarki bai kira ni da muryar da na sani ba, da har yau ina can riƙe da nawa reshen ina washe baki. Kai Zakka, wa ya buɗe maka yatsu?"

"Ni na buɗe!"

"Bayan an tashe ka."

"To an tashe ni, amma ai ina iya komawa barci."

"Da ka koma da an sake kira," in ji Malam.

"Har yaushe? Ai muryar ma ta tsinke," in ji Kawu.

Gyaɗa ta ci gaba da faɗawa cikin kwano. Kawu ya juya ga Inna. "Yaya, ke ba ki ce komai ba."

Inna ta karkaɗe ƙasa daga zanenta. "Ni ban san ko na wa ba ne. Ni ruwan nake dubawa, ya kai wuya."

Babu wanda ya dube ni, kuma da sun duba da ya fi mini sauƙi. Baba Nomau ya mayar da idonsa ya rufe. Gyaɗa ta ƙare gardama ba ta ƙare ba, suka fita da ita har lungu. Washegari na ji ta a bakin famfo wajen mata, na ji ta a wajen masu shayi, ƙauyen ya rabu uku, har mata da miji suka ƙi cin tuwo a kwano ɗaya a kan Cindo da Barmo.

Yau Asabar. Na ninke kayana tun da safe. Inna ta shigo, ba ta ce komai a kan gobe ba. Ta ƙulle ƙuli-ƙuli da dakuwa a leda ta cusa a jakata, ta danna da tafin hannu, ta ja zif ɗin da kanta. Ta ce, "Ka fara cin dakuwar, ba ta son zafi." Ta fita.

Gaskiya so na yi ta tsaya a bakin ƙofa ta tare. So na yi Kawu ya ɓoye mini takalmi, ko maigida ya bugo ya ce mota ta lalace, don in zauna in ce tsayar da ni aka yi. Babu wanda ya yi ko ɗaya. Ƙofa a buɗe take, ɗan acaɓar da zai kai ni cikin gari ya iso, har ya danna ham. Daga wajen kogi ina jin 'yan zumunta suna gwada waƙar gobe da kiɗan tulu, iska ta kawo ta, ta janye ta, ta sake kawowa. Na sa takalmi ɗaya na ɗaure. Ɗayan yana hannuna tun ɗazu, kuma ban san ko ni ne na ƙi sawa ba, ko wani abu ne ya riƙe hannun.

To, ku da kuka ji, ku taya mu yankewa kafin ɗan acaɓan nan ya gaji. Tsakanin Barmo da ya shiga ruwa mai nutsewar bai kira shi ba, da Cindo da ya tashi mai barci, da Anaruwa da ya saki reshe ya bar aka ɗauke shi, wane ne ya fitar da ran nan daga kogi, wa za a miƙa wa goran?